Ranar da Aka Gayyaci Zuciyata Otel

Jama'a, ranar Talata an kashe mini makirufo a gaban mutum ɗari, kuma ni na jawo wa kaina.

Bara yayana Tahiru ya faɗi a gonar tattasai a Shetimari, bai sake tashi ba. Ana share makoki matata Ya Fanna ta tisa ni gaba sai gidan likita a Diffa. Likita Mansura ta auna jinina ta ce kitse ya yi yawa. Kwalastarol suke ce masa, shi ke toshe hanyar jini har zuciya ta tsaya. Na ce, "Ni da ake hango haƙarƙarina daga bakin ƙofa?" Ta ce wannan kitsen ba ruwansa da tumbi. Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, ta raba ni da soye da man shanu. Ƙafafuna suka ɗan yi tsami da farko, ya wuce. Bayan wata uku aka sake awo, kitse ya sauka.

Sai magani ya yanke. Mako biyar ina zarya farmasi ana ce mini yana hanya. Duk sanda na ja tiyon ban ruwa daga kogin Komadugu na ji ƙirjina ya motsa, Tahiru nake tunawa.

Ana haka aka aiko min takarda. Manya za su yi taron kwana uku a otel kan lafiyar zuciya, suna son majinyaci ya ba da shaida. Ya Fanna ta ce, "Ka ce an gode ka zauna. Abin da aka kira ka yi ke nan."

Allah ya saka wa manyanmu, sun san zuciya. Don kare ta aka soya raguna huɗu, mai har yana ɗiga daga tire. Babban baƙon taron, Mai Girma Uban Zukatanmu, ya miƙe ya ce magani ya isa kowane ƙauye. Aka tafa, aka kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin nan yana aiki, ni shaida ne. Sai dai ƙauyen da ya isa nake son a kwatanta mini, in je in saya, don mako biyar..."

Ƙit, makirufo ya mutu. Mai gabatarwa ya ce wuta ce ta ɗauke. Fanka kuwa tana ta juyawa a kanmu.

A bakin famfo ina alwala sai ga Mai Girma shi kaɗai, yana share gumi. Na ce a raina yau kwanan gidan kaso ya kama ni. Ya sunkuyo ya ce, "Malam, nauyin ƙirjin nan, yana sauka hannun hagu?"

Na dube shi, leɓensa ya yi fari. Na ce, "Haka yayana ya ce kwana biyu kafin ya rasu. Ka bar ragon nan ka tafi wajen Likita Mansura yanzu."

"Da kaina?"

"Zuciya ba ta aika wakili, ranka ya daɗe."

Ya tafi. An ce ya kwana biyu a gado, aka rubuta masa irin ƙwayata, direbansa ya zagaye garin nan kaf bai samu ba. Ranar Juma'a, ikon Allah, maganin da ya yi mako biyar a hanya ya gane hanya. Kwali kan kwali. Na karɓi nawa na haɗiye tun a bakin kanta, ba ko ruwa.

A layin na haɗu da Grema mai sayar da bandar kifi, wanda maganinsa na ciwon suga ya yanke tun azumi. Da ya ji labarin sai ya ɗaga hannu sama, ya roƙi Allah ya ɗanɗana wa Mai Girma suga, ko kaɗan ne, ba mai kisa ba.

Ni dai ban ce amin ba. Amma ban saukar masa da hannu ba.