Yadda Mai Tsibiri Ya Shiga Teku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara shiga jirgin ruwa ba, kuma ko na so in manta, Hausawan unguwar Bani Malik da ke Jidda ba za su bar ni ba.

Ni mutumin Malumfashi ne. Aikin kwantiragi ya kawo ni Jidda, ina ɗakin gwajin jini a wani asibiti mai zaman kansa. 'Yan'uwa a nan Dakta suke kirana (da farko nakan yi musu gyara, daga baya na ga gyaran ba ya ƙara mini komai, sai na bari). Ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma sai da na sha bulala a kansa. Tekun Jidda kuwa na yi shekaru ina kallonsa daga Kurnish, bakin tekun da ake zuwa shan iska, ina kan tabarma da kofin shayi. Shi yana can, ni ina nan, muna mutunta juna.

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan da iƙama, wato takardar izinin zama, yana da tambayar da ke hana shi sakewa: ranar da kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya ce halas, aiki ya ƙare, ina za ka nufa? Ni ma tana cina. Ana cikin haka wani abokin aikina ya turo mini bidiyo a waya. Wasu ƙananan gidaje ne ake sayar wa baƙi a wani ɗan tsibiri kusa da Zanzibar. Ga farin yashi kamar garin rogo, ga bishiyoyin kwakwa, ga wani Bature kwance a ragar lilo yana cewa tun da ya koma can bai ƙara ciwon kai ba. Na kira dillalin. Ya ce akwai masallaci kusa, har ya sa mini kiran salla ta waya in ji da kunnena. Shi ke nan, na kamu.

Kafin wata ya zagayo na zama malamin tsibiri. Na sayi malafa. Na sayi riga mai zanen furanni, irin wadda da a Malumfashi na sa ta sai an tara dangi a kaina. Na haddace kalmomin Swahili ina jefa wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Majalisarmu ta bayan sallar Juma'a kuwa, wadda ake yi a ƙofar shagon Alhaji Mamman a Waziriyya, na mayar da ita ajin karatu.

Alhaji Mamman dattijo ne, mutumin Maradi, yana sayar da turare da jakunkuna, kuma ya daɗe a Jidda tun kafin in gama firamare. Ba shi da yawan magana, amma in ya buɗe ta da "bon" ɗinsa na Faransanci, an gama. Wata Juma'a ina tsaka da bayanin yadda iskar teku ke sauke hawan jini, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Bon, Dakta. In ka saya, ka ce a ajiye mini na kusa da naka. Ƙasusuwana sun gaji da na'urar sanyi."

Kai, ranar ko takalmina bai taɓa ƙasa ba. Tun daga nan aka laƙaba mini Mai Tsibiri, ni kuma ina amsawa da ɗan sunkuyar da kai, kamar wanda aka yi wa naɗi (ko bulo ɗaya ban mallaka ba tukuna).

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini tafi ba: matata, Maman Hanan. Ba ta yi gardama ba, don ba halinta ba ne. Wata rana dai tana yanka albasa ta ce, "Abban Hanan, shi tsibirin nan, ta ina ake shigarsa?"

Na ce jirgin sama, sannan a hau ɗan jirgin ruwa zuwa inda gidajen suke.

"Kasuwa fa? Asibiti?"

"Duk ɗan tsallakawa ne. Kamar daga nan zuwa unguwar Mahjar."

Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Ni roƙona ɗaya ne. Kafin ka sa hannu a komai, ka kai mu mu hau ruwa a nan Jidda, in ga ko zan iya. Ka san ni da tsoro."

Tausayinta ya kama ni. Na dafa kafaɗarta na ce, "Kada ki damu. Ina kusa da ke."

Khalid ne ya shirya tafiyar. Ɗan 'yar'uwar matar Alhaji ne, haifaffen Jidda, magidanci mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci. Ya samo mana jirgi a Ubhur, wata mashigar teku a arewacin Jidda, wanda zai kai mu wani ɗan tsibirin yashi a cikin teku, mu yini mu dawo. Da labari ya kai majalisa, Alhaji ya ce shi ma zai je ya ɗanɗana zaman da ke jiransa. Ya zo da matarsa Hajiya Rabi, wasu 'yan majalisa ma suka biyo baya. Alhaji ya ɗauro futa, zanen nan da maza ke ɗaurawa a ƙugu, ya sa farar riga 'yar shara. Ni kuwa malafa, rigar furanni, baƙin tabarau. Da safe na cika cikina da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, wai don aikin teku yana son ƙarfi.

Farkon tafiya lafiya lau. Ruwan Ubhur kwance yake kamar an shimfiɗa darduma. Na tsaya a gaban jirgi, hannu ɗaya a ƙugu, ina nuna wa jama'a abubuwan da ni ma ranar na fara gani. Har na waiwaya na ce wa Maman Hanan in ta ji jiri ta kalli inda sama ta haɗu da ruwa (a bidiyo na ji haka).

Sai muka fita bakin mashigar, muka shiga teku na gaske.

Igiya ta farko ta ɗaga mu ta ajiye. Na yi dariya. Ta biyu ta tafi da malafata. Daga ta uku ban ƙara sanin lissafi ba. Cikina ya hau sama, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na zauna. Zaman bai yi ba, na durƙusa. Durƙuson bai yi ba, na rungumi wani ƙarfe kamar ɗan'uwan da muka daɗe ba mu haɗu ba.

Khalid ya leƙo fuskata. "Ya Duktur, inta kwayyis? Fuskarka ta zama, yaʿni, kalar toka."

Na buɗe baki in ce lafiya ƙalau. Ful da tamis suka riga ni magana.

Alhaji, Allah Ya saka masa, ya nemi rufa mini asiri. "Bon," in ji shi, "wataƙila ful ɗin ne. Mai ful ɗin nan na unguwarku hannunsa ya yi nauyi da mai." Kowa ya ce lallai ful ne. Na ɗaga kai da ƙyar don in duba matata mai tsoro, wadda na yi alkawarin zama kusa da ita. Tana can baya, ita da Hajiya Rabi, suna ɓare gyaɗa suna hirar farashin atamfa. Igiya ta ɗaga su, ta sauke su, ko gyaɗa ɗaya ba ta faɗi ba.

Aka sa mini rigar ceto, aka ɗaure ta tamau har wuya. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san na yi wa Allah alkawura da yawa, wasu har yanzu ina cikin cikawa.

Daga ƙarshe injin ya yi shiru, aka ce mun iso. Na ga yashi fari fat, sak irin na bidiyo, kuma wallahi ba kyansa ne ya ja ni ba, ganin abin da ba ya motsi ne. Sai dai jirgin ba ya iya ƙarasawa gaɓa saboda duwatsun ƙarƙashi. Ya tsaya ɗan nesa, aka sauke ƙaramin tsani, aka ce kowa ya sauka ya taka. Wannan bayanin na ƙarshe ni ban ji shi ba, kunnuwana suna cikin nasu bala'in. Khalid ya sauka. Alhaji ya tattare futarsa ya bi shi. Ni kuma na ture kowa na yi wajen tsani, don na ƙudurta ko minti ɗaya ba zan ƙara a cikin wannan akwati ba.

Ƙafata ta kuskure mataki. Na tafi da baya, tsulum.

Ruwa ya rufe mini fuska, gishiri ya shiga hanci. Rigar ceton ta ɗago ni ta kwantar da ni rigingine, ina harba ƙafafu sama kamar ƙwaron da ya kife. Na tabbata ajali ne. Na yi kalmar shahada da ƙarfin da aka ce har masu wani jirgi sun waiwayo. Na kira Inna, tsohuwata da ke Malumfashi, kiran da rabona da shi tun ranar kaciya. Na yi ihu, "Maman Hanan, ki yafe mini! Ki riƙe yara amana!" Hannuna yana lalube ya ci karo da wani abu. Na damƙe shi, na ja da duk ƙarfin mai son rai. Ya biyo ni.

Sai na ji muryar Khalid a saman kaina. "Duktur! Ya Duktur! Gum! Tashi tsaye, yalla!"

Na sauke ƙafa. Ta taɓa ƙasa. Na miƙe.

Ruwan iya gwiwata yake.

Na duba hannuna. Futar Alhaji Mamman ce, jiƙe sharkaf. Na ɗaga ido a hankali. Ga dattijon nan tsaye a gabana, mutumin da ake kai wa ƙarar aure da ta kasuwa ya raba, daga shi sai 'yar shara da wani gajeren wando mai ratsin kore. Ya harɗe hannuwa a gaba, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban wata. A cikin jirgi Hajiya Rabi ta juya baya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. 'Yan majalisa kowa ya sami abin kallo a wani gefe. Ba ka jin komai sai ruwa yana ɗan lasar gwiwoyina.

Alhaji ne ya yi magana, a natse, ba tare da ya sauke kansa ba.

"Bon, Dakta. In ka gama nutsewa, a ba ni zanena."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, annoba ce. Khalid ya zauna daɓas a cikin ruwa yana buga shi da hannu. Matuƙin jirgin, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, sai da ya share hawaye. Na miƙa futar da hannu biyu, na ma rasa me ake cewa a irin wannan wuri, sai na ji bakina ya ce, "Allah Ya ba da lada."

Na yini a can ƙarshen yashin, na ba kowa baya. Na dai kira Khalid gefe sau ɗaya na tambaye shi ko akwai wata hanyar komawa Jidda. Ya kalle ni da tausayi ya ce, "Mafi, ya Duktur, babu. Tsibiri ne."

Da rana ta ɗan karkata Maman Hanan ta zo da shayi ta zauna kusa da ni. Ta zuba ta miƙo. Sannan ta ce, "Na yafe maka."

Na kalle ta.

"Ai ka nema ɗazu. Ban sami damar amsawa ba."

Na ce, "Ke dama kin sani, ko?"

"Abban Hanan, mutumin da ke rufe ido yana salati in mota za ta haye gada? Da na faɗa maka da baki, cewa za ka yi ba na son ci gabanka."

A nan, kan yashin, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba tsibirin nake so ba. Tsoro nake ji in koma gida bayan shekarun nan a ce, to, me ya zo da shi? Ta ce, "Ka zo da mu mana. Mu ba kaya ba ne?" Ta ƙara mini shayi. Da za mu koma, ita ta riƙe hannuna har Ubhur, ni kuma na riƙe leda.

Washegari na gaya wa dillali na fasa. Ya ce in yi tunani, dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce masa ni ma haka nake fata. Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya aiko Khalid ya ce mini ya janye batun maƙwabtaka, wai a shekarunsa yana buƙatar maƙwabcin da zai suturta shi. Har yau kuma, duk inda muka haɗu, ko a ƙofar masallaci ne, sai ya fara kai hannun hagu ya riƙe ƙugunsa gam, sannan ya miƙo mini na dama.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka tara mutane kana yi musu wa'azin daɗin wani wuri, fara gwada hanyar zuwansa da cikinka. In kuma har ta kai ka ga nutsewa, to ka daure ka taɓa ƙasa da ƙafa kafin ka taɓa dattijo da hannu.