Mijin Hajiya Ya Kwana Kan Dami a Indiya

"...lafiya lau, maigida. Ya baƙunta? Ya mutanen rawa da waƙa?"

"Tsohuwa, wai har yanzu kina nan? Ni fa na ɗauka ta'aziyya za a yi min."

"Taka dai za a yi. Matso da fuskar nan in gani. La'ilaha illallahu! Saliha, mijina na ce ki kira min, kin kamo min sandar kiwo!"

Ni ce Salihar, ni ce kuma riƙe da wayar a tsakar gidanmu da ke Azare, da hantsin ranar Laraba. Mai maganar surukata ce, Hajiya Dijatu. Na cikin wayar jikanta ne, ɗana na fari. Sunansa a bakinta za ku ji, ba a nawa ba. Mu a gidanmu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zama hira da shi. Tun yaye ta ɗauke shi.

Watansa bakwai a Indiya yana karatun haɗa magunguna. A daren jiya ƙanwarsa Munira ta tsegunta min wai ya haɗa akwati, Asabar zai taho gida, ga jarrabawa saura sati biyu. In ya taho, gurbin da aka ba shi ya tafi ke nan. Dalili? Yunwa. Yunwa fa! Duk unguwar nan an san bakina, ko a layin asibiti ba a shiga gabana a wuce lafiya, amma a gaban wannan yaro al'ada ta ɗaure min harshe. Ga Larai maƙwabciyata da ta ce tun ranar rakiya, "Goyon kaka ba ya nisa da tukunya, kafin damina zai dawo." Na gwammace in haɗiyi garwashi da in ga dariyarta. Shi ya sa na kai ƙara wurin mai bakin magana da shi.

"Gali, me ya cinye ka haka? Ko aure ka yi a can ba a ba ka abinci?"

"Wa zan aura ina da ke? Kewarki ce ta ramar da ni. Shi ya sa ma Asabar ina hanya, in zo in ga sauran haƙoran nan biyu kafin su zube."

"Haƙorana sun fi kafaɗunka ƙwari. Kana hanya da me a hannu?"

"Da akwatina mana."

"Takardar fa?"

"Wace takarda?"

"Wadda aka tura ka nema, ɗan nema! Ka ji ni da kyau: in ka sauka garin nan ba takardar makaranta, ni ma a ranar za ka ba ni tawa. Ba na zaman aure da gudajje."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki? Ko a kasuwar Azare aka kasa ki, sai dai a yi gyara da ke."

"Tsohon zuma da shi ake magani. Kai fa? Namijin da cokali ya koro daga wata ƙasa!"

"Hajiya, ba za ki gane ba. Wallahi a ɗakin cin abincin makarantarmu wata bakwai ban ga tsokar nama ba. Kullum wani wake ne mai ruwan ɗorawa, da gurasa kamar takarda. Ga shanu na yawo a titi, ƙosassu, ba makiyayi, ba mai ce musu kanzil. In bi saniya da ido, ita ma ta bi ni da ido."

"Ta ga ɗan'uwa ne."

"Ki yi dariya. Jiya na tashi daga sujada sai da na dafa bango."

Nan dariyar Hajiya ta tsaya. Amma tsohuwar nan ba ta sakin wasa, don ta san in ta sake shi kuka za a yi, in aka yi kuka kuwa Asabar yana hanya.

"Ƙarya kake, rago. Ƙasar da mutane suka fi tururuwa yawa, iska suke ci?"

"To bari ki gani da idonki, in akwai sauran gani a ciki. Ga shago nan a ƙasan ɗakunanmu."

Muka ji ƙarar takalminsa a matakala. Ya juya wayar yana bin kantoci da ita.

"Kin gani? Wannan wake, wannan ma wake, wannan ƙanin wake. Wannan garin yaji ne da ko aljani ya lasa sai ya yi atishawa. Ina abincin mutane a nan?"

"Tsaya! Koma baya."

"Ina?"

"Buhun can na ƙasa, kusa da ƙafar mai shago. Mene ne a ciki?"

"Wannan? Abincin tsuntsaye ne. Na ga wani tsoho na watsa wa tattabaru."

"Ɗebo a tafin hannunka. Matso da shi. Ƙara matsowa."

Hajiya ta kusa cusa hancinta cikin waya. Ni ma na leƙa ta gefe. Jama'a, gero! Gero tsabarsa, irin wanda muke aunowa, irin wanda kakan yaron nan ya noma shekara arba'in a hanyar Giade. Saura kaɗan wayar ta kuɓuce min.

Hajiya ta tafa hannu. "Innalillahi! Rashin sani, kaza ta kwana kan dami! Gali, gero ne a hannunka!"

"Haba, Hajiya. Ni ma na ga kama, amma kama da wane ba ta wane. Me zai kawo gero Indiya? Wa ya yi masa fasfo?"

"Wanda ya yi wa jaki irinka! Tauna ka ji."

Ya jefa a baki. Sai ga muƙamuƙinsa na motsi, idonsa na buɗewa.

"Wallahi shi ne."

"Shekara ashirin da biyu kana cinsa safe da dare, yau ka gan shi ka ce na tattabaru ne. Suna da nono?"

"Nono kam kamar ruwa. Kindirmo ma, kowane shago."

"Citta?"

"Ga ta can."

"Barkono?"

"Hajiya, ƙasar barkono ce fa."

"Ga gero, ga nono, ga citta, ka zauna kana dafa bango! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Wai mai karatun haɗa magani, fura ta gagare shi haɗawa."

"Laifin wa? Duk ranar da na leƙa wurin turmi, wa ke koro ni da muciya tana cewa namiji ba ya tsayawa kan mata? Ni fura a ƙwarya na san ta. Na ɗauka haka take fitowa, kamar ƙwai."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma na daɗe ina son a faɗa mata. Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba.

"Buɗe kunnen nan naka mai kama da faifai. Ka sa a niƙa maka da citta da barkono. Ka kwaɓa da ruwa kaɗan, ka dunƙula manya-manya, ka jefa a tafasasshen ruwa. In ya dahu ka kirɓa, ka cura, ka birkiɗa a gari."

"Da wane turmin zan kirɓa?"

"Da kanka, ai ya yi tauri. Kwana biyu na ba ka. In fura ta gagare ka, taho, zan saya maka zani. In ta yiwu, ka kwance akwati."

"In ta fi taki fa?"

"Ranar sai in tuɓe ɗankwali in ba ka."

Ta manta kanumfari. Tsohuwar da ke taƙama da fura, ta manta kanumfari! Na juya na fuskanci bangon ɗakin girki na ce, "Bangon nan, fura dai ba kanumfari ai ɓata gero ne."

Daga cikin waya aka yi gyaran murya. "Hajiya, ki gaya wa bango an ji."

Ranar Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara. Ina fito da ita sai ga Larai ta shigo, wai aron rariya, alhali tana da biyu. Labarin Asabar ne ya kawo ta. Na ce, "Zauna, Larai, ga tabarma." Ban san me za mu gani ba, amma na gaji da ɓoyo.

"Uwargida, kin shirya ɗankwalin?"

"Ka shirya ɗaura zani dai. Ina abin?"

Ya ɗago faranti. Curi tara, jere, sun sha gari.

"A ina ka sato?"

"Da hannun nan na yi. Ta farko ta narke ta zama kunu, na shanye. Ta biyu ta yi tauri, na jefi ƙofa da ita sai da maƙwabcina ya leƙo. Wannan ce ta uku. Da gindin kwalba na kirɓa a tukunya."

"Curin ya karkace kamar kan mai shi. Ɓara ɗaya in ga ciki."

Ya ɓara. Lukui, ba gudaji, ba ɗanyen gari. Ni da nake kallo ta gefen ido sai da na haɗiyi yawu.

"Hm. Sa'a ce. Makaho ma yakan tsinci allura."

"Sa'a? Jiya Abdulrahim, ɗan Dambam da ke shekara ta uku, ya kurɓa ɗaya ya ajiye kofi yana share ido, wai shekara uku yana wuce buhun nan shi ma. Wata 'yar Borno, Ya Gana, ta aiko a tambayi wace Bafulatana ce ta sauka. Yanzu haka mutum shida ke jira a ƙofa da kofuna. Ni ne Sarkin Furar Indiya, ki iya bakinki."

"Sarkin tattabaru dai. Akwatin fa?"

Ya juya wayar. Ga akwati a buɗe, ba riga ko ɗaya, an zaunar da buhun gero a ciki. Littattafai kuma baje a kan gado.

"Ya samu mai shi. Ni ina da jarrabawa, ba ni da lokacin zuwa kallon tsofaffi."

Na dubi Larai. Ta ce wai ta bar tukunya a wuta. Na ce, "Ga rariyar." Ta fita ba ta ɗauka ba.

"Saura ɗankwali, Hajiya."

"Wa ya ɗanɗana ya ce ta fi tawa?"

"Taki ba kanumfari. Da shaidar bango."

Hajiya ta dube ni, ta dubi waya, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki, haƙoran nan biyu a waje. Ta yunƙura ta shiga ɗaki, ta fito da ludayinta na duma, wanda ya yi ja don tsufa, wanda shekara ashirin da huɗu ina gidan nan ban isa in taɓa ba.

"Ɗankwalina ya fi ƙarfinka, ɗan banza. Amma ga wannan. Duk mai tafiya can zan ba shi ya kai maka, ka daina zubar min da mutunci kana damu da cokalin ƙarfe. Ka ci ni, maigida. Aure na nan."

Ta miƙo min ludayin in adana. Na karɓa da hannu biyu, na juya wajen bango na ce, "Bangon nan, a dai riƙa karatu."