Ranar da Aka Auna Gudun 'Yan Murza Ƙwallo

Mu goma sha ɗaya ne a ragar atisaye ta garin Murrabin kowace Asabar da safe, ni da yara goma. Ni tsohon malamin lissafi ne, su kuma 'yan shekara tara zuwa sha uku ne masu koyon murza ƙwallon kurket, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya buge shi da katako. Ƙwallo suna da shi, ƙarfi ma haka. Saiti ne babu. Ka ce wa yaro ya sauke ƙwallo a gaban mai bugu, sai ya sauke maka shi a gonar alkamar mutane.

Maganin da na sani guda ne. Nakan shimfiɗa tawul ɗin goge kwano a inda nake so ƙwallo ya dira, in ɗaura igiya a tsakiyar fili sama da kan mutum. Ƙwallo ya bi ta saman igiya, ya faɗi kan tawul. Mai murzawa ba gudu yake nema ba. Yatsu da wuyan hannu ke aikin, ƙwallo ya tafi a hankali, ya dira, ya karkace, mai bugu ya bugi iska.

To, Asabar ɗin da ta wuce na iso da tawul ɗina a kafaɗa, sai na tarar da rumfa, da kintinkiri, da mai ɗaukar hoto. Jami'in hukumar gari mai kula da filayen wasa, Mai Girma Uban Filaye, Garkuwan Almakashi, Allah ya ƙara masa abin yankawa, ya kawo mana ci gaba. An sayo na'urar auna gudun ƙwallo, irin wadda ake tare motoci da ita a babbar hanya. Ya karanta mana sabuwar doka: tunda raga ɗaya ce a garin, daga yau ta masu hazaƙa ce, kuma mai hazaƙa shi ne wanda jifansa ya kai kilomita tamanin a awa.

Jama'a, ku taya ni yaba wannan basira. Shekara huɗu muna roƙon a ɗinke hujin da ke bayan ragar, wanda kare ke shiga ta ciki ba tare da ya sunkuya ba. Ashe manya suna can suna tunanin abin da ya fi wannan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan 'yan murzawa ne. Da gangan suke jifa a hankali."

Ya dube ni da tausayi. "Malam, lalaci ke nan, ka ba shi suna mai daɗi."

Goggo Beryl, wadda ke gasa mana sosej, ɗurin niƙaƙƙen nama, a bakin fili tun kafin a haifi iyayen yaran, ta juya albasarta ta ce, "Malam, bar shi. Shekaran jiya ya gwada abin a kan karena, ya ce ya fi yaran makarantar sakandare hazaƙa."

"Goggo, ana jin ki fa."

"Don a ji na faɗa, ɗan nan."

Yara suka shiga layi, kowa ya san in bai kai tamanin ba, Asabar mai zuwa babu raga. Aikin wata shida ya bi ruwa a gaban idona. Kowa ya ja da baya, ya taho a guje, ya wurga iya ƙarfinsa. Ƙwallon Fergus ya fice ta hujin nan ya faɗa cikin kwanon albasa. Na Anjali ya kaɗe hular mai ɗaukar hoto. Wanda ya fi kowa ya samu sittin da ɗaya, kuma ƙwallonsa har yanzu ba a gan shi ba.

Saura Tahlia, 'yar shekara sha ɗaya, wadda ba ta cika magana ba. Ta matso kusa da ni, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, ba zan kai ba. In na yi da ƙarfi ba ya juyawa."

"To yi yadda kika saba, 'yata. In za a kore mu, a kore mu da aikinmu mai kyau."

Ta taka taku huɗu ta saki. Na'ura ta ce arba'in da uku. Mai Girma ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a zamaninsa irin wannan jifan da ido rufe yake aika shi bayan gari. Goggo Beryl ta ɗauko katakon bugu ta miƙa masa. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, ga ƙasa kuwa, ga mai hoto yana kallo. Ya tuɓe kwat ya tsaya gaban sanduna ukun da mai bugu ke karewa.

Tahlia ta sake ɗaukar ƙwallo. Jifan farko ya dira, ya karkace ya bar shi. Mai Girma ya kai duka har ya juya ya fuskanci rumfa.

"Ƙuda ne ya shige mini ido."

"Sannu, ranka ya daɗe," in ji Goggo. "Ƙudajen bana ba su san manya ba."

Na biyu ma haka. A na uku ya gane dawar garin, ya matsa gefen da ƙwallon ya saba bi, ya jira shi a can. Tahlia kuwa ta saki wanda muka yi mako shida muna fama da shi, mai fitowa ta bayan hannu, wanda ke kama da 'yan uwansa amma yake juyawa ɗaya gefen. Bai taɓa yi mata daidai ba sai ran nan. Ya bi ta tsakanin ƙafafun Mai Girma ya kwantar da sandar tsakiya. Na'ura ta ce talatin da tara.

Goggo Beryl ta koma kan kaskonta tana juya albasa.

Mai Girma ya gyara wuyan riga, ya sanar da cewa na'urar tana da matsala. Nan take ya kafa kwamitin mutum biyar da zai binciki lafiyarta, kuma kafin rahoto ya fito, raga za ta ci gaba da zama yadda take.

Yaran ba su gane abin da aka ba su ba, ni na gane. Kwamitin da aka kafa kan rufin bayan gida na filin nan yana shekararsa ta tara, kuma har yanzu da lema muke shiga in ana ruwa. Kafin sabon kwamitin nan ya zauna zaman farko, Tahlia ta gama jami'a. Ban taɓa zaton zan yi wa kwamiti addu'ar tsawon rai ba, amma ga ni ina yi.

A hanyar fita Tahlia tana cin sosej ɗin da Goggo ta ba ta kyauta, na tambaye ta me ta koya.

Ta haɗiye ta ce, "Malam, ashe in na sauke shi inda na nufa, ba sai na yi sauri ba. Mai bugun ne zai yi saurin, ya kuskure."