Direktan Awakin Tudun Gawo

Duk wanda ya ce Damargu ba ta haifi masani ba, bai taɓa zuwa Tudun Gawo ba. In ma ya je, to bai yi sa'ar ganin Mushe Ila, wato Malam Ila da Faransanci, tsaye a bakin shinge ba, da farar riga irin ta likitoci har gwiwa, da tabarau a kan karan hanci, da alƙaluma uku a aljihun ƙirji: shuɗi, ja, da wani wanda ya daina rubutu tun bara amma yana da kyan murfi. Mutum ne da ilimi ya cika shi fal, shi ya sa yake tafiya a hankali don kada ya zube.

Ba a banza ya kai wannan matsayi ba. Kwana biyar cur ya yi a Damagaram yana taron horo kan kiwon awaki da tumaki. Kwana biyar! Akwai waɗanda suka shekara sittin suna bin garke daga Gangara zuwa kwarin Tarka, amma ko takarda ɗaya mai hatimi ba su da ita. Shi kuwa ya dawo da tasa, ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a zaure ta waje, don kada masu wucewa su yi asarar gani. Cewa bai taɓa kiwon ko kaza ba, wannan zancen mahassada ne. Gaskiya ne a Tanut ya tashi yana sayar da katin waya a bakin tasha, amma ai a tashar ana loda awaki, kuma yana kallo.

Asalin aikin na Dokta Mikal ne, wata likitar dabbobi mai bincike, siririya, marar hayaniya. Abin da take son ganowa shi ne, in aka ƙara wa akuya harawa da dusa da 'ya'yan gawo na mako shida kafin a haɗa ta da bunsuru, ko za ta fi haihuwar tagwaye. Matan Tudun Gawo suka ba ta aron awaki ashirin da huɗu, bisa alkawarin kowace za ta koma wa mai ita da 'ya'yanta. Ba ƙaramin abu suka bayar ba, don a wannan gari da nonon akuya ake dama wa yara fura idan rani ya yi nisa. Dokta ta kawo wani ƙaton jan bunsuru daga wajen Maraɗi, aka yi masa turke daban. Sai ta nemi wanda ya iya rubutu, ya riƙa auna abinci, ya auna awaki duk Asabar, in mako shida ya cika ya kwance bunsuru. A takardar aiki ta rubuta "mai kula da shinge".

Mushe Ila ya gwada kalmar a jikinsa, ya ji ta matse shi a kafaɗa, sai ya buɗa ta. Washegari allo ya bayyana: Cibiyar Binciken Ciyarwa da Hayayyafar Ƙananan Dabbobi ta Damargu Baki Ɗaya. Direkta Janar: Ila Husaini. Allon ya fi ƙofar shingen faɗi, sai an karkace ake shiga.

Ranar da aka fara, Dokta Mikal ta bi awakin ɗaya bayan ɗaya ta yi musu allurar tsutsar ciki. Ta yi wa kowa bayani, amma lokacin Direkta yana can yana gyara tsayuwa don a ɗauke shi hoto. Daga nan ta koma Damagaram hutun haihuwa, don ita ma cikinta ya tsufa.

Allurar nan kuwa ta tuna wa Direkta wani abu. A taron horo, rana ta uku bayan an ci shinkafa, ya ɗan rufe ido don ya yi tunani mai zurfi. Da ya buɗe, ya ga hoton allura a jikin bango. Ya sake rufewa. Da ya kuma buɗewa, ya ga hoton ɗan maraƙi. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya bukatar abin da ke tsakani. Allura, sai ɗa. Ke nan Dokta ta riga ta dasa wa awakin ciki da hannunta, shi kuma bunsuru an kawo shi ne don a rufe bakin ƙauyawa.

Bai yi wata-wata ba. Ya tsaya gaban bunsurun, ya toshe hanci da hankici, ya yi masa jawabin sallama.

"Kai wakilin tsohon zamani ne. Ba ka da takarda, ba ka da tsari, ba ka da tsabta. Duk inda ka shiga sai lissafi ya rikice. Cibiya tana gode maka, amma ba ta da gurbinka."

Bunsuru ya miƙa wuya ya ɗanɗana gefen farar rigar. A ranar aka miƙa shi ga Barmo, wani makiyayi da ke shirin tafiya da garkensa wajen Tarka. Barmo ya karɓi igiya, ya dubi bunsuru, ya dubi Direkta, ya yi sauri ya bar garin tun kafin hankalin mutumin ya dawo.

Inna Hawa, shugabar matan da suka ba da awaki, ta zo da yamma ta ga turke babu kowa.

"Ɗana, ina namijin?"

"Inna, wannan tambaya ta zamanin jahiliyyar kiwo ce. Yau a ƙasashen da suka ci gaba, akwai saniyar da ta haihu sau bakwai ba ta taɓa ganin bijimi ba ko a hoto. An yi wa awakinku allurar zamani. Ku je ku tanadi ƙwarya."

Inna Hawa ta taɓa jin irin wannan a rediyo, game da shanu. Ta dubi farar riga, ta dubi allo. Ta ce a bar ta ta gaisa da Goshi, akuyarta.

"Babu Goshi a Cibiya," in ji Direkta. "Akwai Lamba Bakwai. Ziyara ranar Laraba."

Haka aka shiga zamanin wadata. Abincin da aka tsara na mako shida, Direkta ya ga ba girmansa ba ne ya tsaya a nan, ya zarce da shi. Harawa da safe, dusa da rana, 'ya'yan gawo da la'asar, ga gishirin lasa a rataye kamar a gidan biki. Awakin suka yi ɓul-ɓul, gashinsu na sheƙi, suna tafiya suna rangaji. Duk Asabar Direkta yakan zo da abin awon tela, ya zagaya cikin kowace, ya rubuta da jan alƙalami. Sannan ya durƙusa ya kara kunne. Cikin akuya mai tuƙa ba ya rasa ƙugi.

"Tagwaye," yakan ce, ya ɗaga yatsa. "Lamba Goma kuwa 'yan uku ne, na ji suna gardama."

Abu ɗaya ne ya so ya ɓata tsari. Duk bayan mako uku sai awakin su tashi da kuka, suna kaɗa wutsiya, suna zagaye shinge, suna leƙen hanya. Duk matar da ta taɓa ɗaure akuya ta san wannan kukan. Salomi, matar mai wa'azin garin, wadda awakinta uku ke ciki, ta tsaya ta bayan shinge ta faɗa masa a fili: akuya mai ciki ba ta wannan kuka, namiji suke nema. Direkta ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai je Damagaram ba. Ya buɗe kundi ya rubuta: "An lura da alamun farin ciki a cikin garke."

Ita kuwa Dokta Mikal, duk lokacin da ta kira waya ta tambaya ko an haɗa su, amsa ɗaya take samu: "Matakin hayayyafa ya kammala cikin nasara, Dokta. Ki huta." Ta gode wa Allah, ta koma ga jaririyarta.

Akuya wata biyar take yi. Direkta ya ƙirga daga ranar allura, ya tsayar da Alhamis, ƙarfe goma na safe, a matsayin Ranar Haihuwa ta Bai Ɗaya. Ya aika takardun gayyata har Belbeji. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kira makaɗa. Ya sa aka tufka 'yan igiyoyi arba'in da takwas, biyu ga kowace uwa, aka jera su a kan tebur. Rigar ta sha bula har tana ɗaukar ido.

Ƙarfe goma ya duba agogo, ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Jama'a, yau tarihi zai durƙusa a Tudun Gawo. Lamba Ɗaya, bisimilla."

Lamba Ɗaya ta dube shi, tana tuƙa. Ta gama, ta haɗiye, ta sako wata. Direkta ya ce kunya take ji, a juya baya. Mutum fiye da ɗari suka juya baya ga akuya, kafaɗu na rawa. Da aka waiwayo, ta zuba 'yan kashinta a gaban tebur ta koma inuwa. Aka gwada Lamba Biyu. Aka gwada Lamba Goma mai 'yan uku, ta tashi da ƙyar, ta je ta ci igiya biyu daga cikin arba'in da takwas.

Ana cikin haka motar Dokta Mikal ta iso. Ta fito da jaririya a goye, da wata 'yar na'ura mai nuna abin da ke cikin ciki. Ta ɗan tsaya ta karanta allon. Ta durƙusa ta ɗora na'ura a cikin Lamba Ɗaya, ta daɗe tana dubawa. Ta wuce ta biyu. Ta wuce ta uku. Kafin ta kai ta ashirin da huɗu, har makaɗan sun matso suna leƙe.

"Kitse ne," ta ce. "Duk kitse ne. Malam Ila, ina bunsurun?"

Barmo ne ya amsa daga ƙarshen rumfa, da fara'arsa. Ya zo ne musamman ya yi godiya. Tun makon jiya awakinsa suke zubo jajayen 'ya'ya, ko harawa ba su taɓa gani ba. Allah ya saka wa Direkta da alheri, ya ƙara masa ilimi irin wannan.

Dariya ta tashi har wani makaɗi ya faɗi a kan gangarsa. Inna Hawa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta shiga shinge ba tare da jiran Laraba ba, ta kama kunnen Goshi.

"Wata biyar jikokina suna shan fura da ruwa," ta ce. "Ina ce musu su yi haƙuri, nono na tafe. Yanzu in je in ce musu wata biyar kuma?"

Dokta Mikal ta sunkuyar da kai, ta ce laifinta ne da ta yarda da waya ba ta aiko ido ba. Da wani ne a matsayin Direkta, da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma manyan masana ba a kayar da su da abu kaɗan kamar gaskiya. Direkta ya gyara tabarau, ya hau kan benci.

"Jama'a, ba ku gane abin da ya faru ba. A karo na farko a tarihin Damargu, an tabbatar a kimiyyance, da awaki ashirin da huɗu, da awo na mako ashirin da biyu, cewa akuya ba ta haihuwa sai da bunsuru. Da can zato kuke yi. Yau kun sani. Ba na neman godiya."

Ba a kuwa yi masa ba. A ranar Dokta ta zauna da matan a kan tabarma, suka sake tsari. Salomi ta karɓi kundi da ma'auni. Aka rage wa awaki dusa don su saki kitse. Barmo ya dawo da bunsuru, yana ta jan ƙafa. Mushe Ila kuwa ba a kore shi ba, don Inna Hawa ta ce wanda ya ɓata wata biyar sai ya tsaya ya ga biyar ɗin gyara. Aka ba shi ɗebo ruwa, share turke, da riƙe igiyar bunsuru. Ya karɓa, ya sanar da cewa an ɗaga shi zuwa Sashen Ayyuka na Musamman.

Bunsurun ya kama aiki ba jawabi, ba allo. Cikin mako uku kuka ya ɗauke a shinge. Matan suka ce tun da a duk Cibiyar shi kaɗai ne ya san abin da aka kawo shi yi, shi ya cancanci sarautar. Suka riƙa kiransa Direkta. Kullum Mushe Ila yana jin ana cewa Direkta ya yi ƙoƙari, Direkta ba ya gajiya, Allah ya ja kwanan Direkta, sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'u ya ce aikinsa ne kawai.

Da wata biyar suka cika, shinge ya cika da 'yan awaki jajaye, tagwaye sun fi rabi. Goshi ta haifi biyu, Inna Hawa ta koma gida da ƙwarya cike. Labari ya kai Belbeji, sai ga dattawa uku na wata ƙungiyar makiyaya sun zo a mota mai buɗaɗɗen baya. Suka tarar da Mushe Ila a bakin shinge, suka yi sallama, suka ce sun ji labarin Direktan Tudun Gawo, sun zo roƙo a ba su aronsa na wata biyu, don matsalarsu babba ce.

Mushe Ila ya lumshe ido. Ya san wannan rana za ta zo.

"Bukatarku ta isa inda ya dace. Sai dai akwai sharuɗɗa. Ɗaki mai fanka. Nama sau biyu a rana. Kujerar gaba a mota. Kuma duk inda za a shiga, a fara sanarwa."

Dattawan suka dubi juna. Babbansu ya ce su dai harawa suka tanada, da turke a inuwa, amma in ya saba da fanka za a duba. Salomi, da ke auna dusa a gefe, ta ajiye kwano ta shiga ciki tana riƙe da ciki don dariya, ta fito tana jan bunsuru.

Dattawan suka kewaye shi, suna shafa bayansa, suna duba haƙoransa, suna ma sha Allah. Suka ɗaga shi su uku, a hankali, suka sa a mota a kan sabuwar tabarma. Babban ya juyo, ya dubi mutumin nan mai farar riga da tsintsiya a hannu, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai ne yaron Direkta? To hau baya ka riƙe shi, kada hanya ta wahalar mana da shi."