Injiniya da Durom ɗin Sabulu

Masha Allah, ba kowace unguwa Allah ke ba mutum irin Injiniya Na-Gama-Sani ba. Wata shida ya yi a kamfanin sabulu, teburinsa jikin ɗakin da injiniyoyi ke shan shayi, ilimin duk ya shige shi ta bango. Tun daga nan, in ka ce masa "Malam" ba zai juyo ba. Farar rigarsa ta ɗakin gwaji kuwa, ko ta'aziyya da ita yake zuwa.

Makarantar sakandare na neman wanda zai koya wa ɗalibai yadda ake sarrafa sinadarai a masana'antu. Injiniya ya sa rai ƙwarai, ya gama gaya wa surukansa aikin nasa ne. Shugabar makaranta ta ce ya zo ya yi darasin gwaji tukuna.

Ya tsaya gaban aji, ya gyara murya.

"Yara, aikinmu mu injiniyoyi ɗaya ne: abin da aka yi a kofi, mu yi shi a durom. Ku buɗe ido, ba kullum ake ganin irina ba."

A kofi ya haɗa mai da ruwan soda, ya juya har ya yi kauri. Yara suka tafa. Tafin nan ya hau masa kai. Ya sa aka mirgino durom, ya ninka komai sau ɗari a allo, ya ja layi biyu a ƙasa.

Inna mai shara, wadda ta shekara ashirin tana dafa sabulu a tsakar gidanta, ta leƙo daga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a zuba kaɗan-kaɗan. Kofi yana hucewa ta gefe, durom kuwa zafinsa a ciki yake taruwa."

"Inna, wannan kimiyya ce, ba girki ba."

Ya juye komai lokaci guda. Durom ya yi shiru kamar mai jin kunya. Can ya fara gurnani, tururi ya tashi.

"Kada kowa ya firgita," in ji Injiniya yana ja da baya, "duk yana cikin lissafina."

Haɗin ya kumburo, ya tsallake baki, ya biyo ƙasa yana neman takalminsa. Bawan Allah ya riga kowa hawa taga. Inna ce ta fitar da yara ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa buhuna ta lulluɓe jikin durom har ya lafa.

A waje Shugaba ta tambayi ɗalibai me suka koya. Suka haɗa baki: babban mazubi ba ya hucewa kamar ƙarami.

"To, darasi ya shiga," ta ce. "Inna, Litinin da Laraba za ki iya koyarwa?"

Injiniya ya sauko daga taga yana kaɗe riga. "Ni fa, Hajiya, wane matsayi aka tanadar mini?"

Shugaba ta dubi ajin da sabulu ya malale, ta dubi sabuwar malama. Sai ta miƙa masa bokiti.