Rasuwar Iyafis na Hagu a Federal Low-Cost

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne guda da ya wayi gari babu abokin hira, Malam Zulkifilu Joda, tsohon akawu mai ritaya, mazaunin Federal Low-Cost a nan Gombe, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar iyafis ɗinsa na hagu, ɗaya daga cikin tagwayen nan farare marasa igiya da aka saba gani a kunnuwansa. Marigayin ya cika ne a bakin aiki, ana tsakiyar busa sarewa, bayan doguwar jinya wadda ya ɗauka da haƙuri.

Ƙa'idar aiki ta wajabta a bayyana tun yanzu cewa ba duk iyali ne suka amince da wannan sanarwa ba. Mai ɗakinsa, Malama Bilkis, tana da ra'ayin cewa marigayin yana nan da ransa, kuma wanda ya kwanta ciwo kunnen maigidan ne. An karɓi ra'ayin nata da girmamawa, an ajiye shi a fayil.

Ba a san ƙasar da aka haifi marigayin ba. An dai san dalilin zuwansa gidan. Da Malam Zulkifilu ya ajiye aiki, ya zauna zai rubuta tarihin Kwadon, mahaifarsa, kamar yadda ya san ta yana yaro, da kasuwarta da rijiyoyinta da burtalin shanu. Sai ya tarar hannunsa ba ya tafiya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙarar tafireta ba ya iya rubutu a cikin shiru, kuma ba ya iyawa a cikin hayaniyar da ba shi ya zaɓa ba, wato injin niƙan maƙwabta da hon ɗin keke napep da keken ɗinkin Malama Bilkis. 'Yarsa Hikima ce ta ba shi shawarar ya toshe kunnuwansa da kiɗan da yake so.

Ba a yi gaggawa wajen zaɓe ba. Malam ya je shagon wani Dennis a kasuwar waya, ya zauna kamar mai tantance sabbin ma'aikata. Dennis ya fara jero masa masu tsada, irin waɗanda gangarsu ke dukan ƙirji, yana rantsuwa cewa duk samarin gari su suke sawa. Malam ya sanar da shi cewa shi ba saurayi ba ne, kuma ƙirjinsa ya sha dukan da ya ishe shi a layin karɓar fansho. Abin da yake nema shi ne wanda aljihun mai ritaya zai ɗauka ba tare da an taɓa cefane ba, wanda zai riƙe caji daga hantsi zuwa azahar ko da ba a kawo wuta ba, kuma wanda ba zai faɗa cikin kofin shayi idan an sunkuya ba. Sama da komai, yana son wanda zai fitar da siririn sautin sarewa yadda yake, ba tare da ya mayar da shi kiɗan biki ba. Daga can ƙasan kanta Dennis ya zaro wani ƙaramin kwali, yana ɓata fuska. A cikinsa aka sami marigayin da ɗan'uwansa.

Marigayin ma'aikaci ne mai ƙarancin magana. Idan aka fito da shi da safe, yakan ce, da wata muryar baƙuwa marar gaggawa, "Konektad," daga nan ba ya ƙara cewa uffan sai aiki. Idan yunwa ta kama shi yakan ce, "Batir lo," ba tare da ƙorafi ko takardar koke ba. Bai taɓa neman ƙarin girma ba. Bai taɓa kai maganar ofis gida ba. A irin kiɗan da Malam ke ji, garaya ta fi fitowa ta dama, sarewa kuwa ta hagu, saboda haka marigayin ne ke riƙe da sashen da ya fi muhimmanci. Sarewar nan ita ke buɗe wa Malam hanyar Kwadon. Idan ta tashi, sai ya ga garke yana gangarowa da yamma, alƙalaminsa ya bi bayansa.

Ciwon ya fara a hankali. Da fari saman sautin ne ya ɓace, can inda sarewa ke siririncewa kamar zare. Daga baya kiɗan ya koma kamar daga ƙasan rijiya ake yin sa. Sai kuma wani shuuu ya shigo, irin na ruwan sama a kan kwanon wata unguwa mai nisa. An yi duk abin da ya kamata. An goge shi da auduga, an cika shi da caji, an raba shi da wayar an sake haɗa su. Saboda gaskiya, Malam yana so a rubuta cewa wannan shuuu ɗin ba ya tsayawa idan aka cire marigayin aka mayar da shi cikin gidansa aka rufe. Yana bin Malam zuwa masallaci, yana bin sa zuwa wurin cin abinci. Har yanzu da ake rubuta wannan sanarwa, yana nan.

Bayan rasuwar, Malam ya koma shagon Dennis neman magaji, Hikima tana biye da shi. Aka kawo na farko, dama tana magana, hagu shiru. Aka kawo wani mai ɗan tsada, haka. Aka kawo wanda gangarsa ke dukan ƙirji, ƙirjin ya ji, kunnen hagu bai ji ba. Malam ya bayyana cewa da alama annoba ce ta faɗa wa na hagu a bana. Dennis ya amince nan take, ya ce shi ma ya lura kayan bana duk haka suke, ya fara naɗe mafi tsadar a leda. Hikima tana kallon ƙasa. Can ta ɗago ta ce, "Baba, ka sa na hagun a kunnen dama mana, mu ji."

Malam ya nuna mata harafin da ke jikin kowanne. Ya tunatar da ita cewa tsawon shekarun aikinsa bai taɓa saka takarda a fayil ɗin da ba nata ba, kuma ba a shagon waya zai fara ba. Abin da aka rubuta wa hagu, hagu yake zuwa. Mutanen shagon suka yi dariya, ya bar su suka yi. Ya san gwajin bai kai kurɓar shayi ɗaukar lokaci ba, kuma ya san amsarsa ba ta da ɗaukaka ƙara. Shi ya sa bai yi ba. Suka hau keke napep suka dawo hannu wofi.

Akwai abin da Hikima ba ta sani ba, domin ba a haife ta ba lokacin. Mahaifin Malam, a can Kwadon, shi ma ta hagu ya fara. Mutum ne da yake gane saniyarsa da kukanta tun kafin a hango ta. A ƙarshe ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, yana yi wa kowa murmushi. Ranar da aka zo gaya masa amininsa ya rasu, ya dubi bakin mai maganar, ya yi murmushi, ya ce madalla. Daga nan mutane suka fara zancensa a gabansa kamar wanda ya yi tafiya. Malam yana tsaye a wurin ranar. Babin da yake rubutawa lokacin da sarewar ta ɗauke, babin wannan tsohon ne.

Washegarin zuwa kasuwa, da hantsi, Malama Bilkis ta shigo ɗakin rubutu. Na dama yana kunnen Malam yana ta fama shi kaɗai. Ta ɗauki gawar daga kan tebur, ta tura ta ƙarƙashin ɗankwalinta, ta karkata kai.

"Malam, ga sarewarka nan tana ta busa," in ji ta.

Ya amsa mata cewa an saba, masu makoki sukan ji muryar mamaci a kwanakin farko. Ba ta yi dariya ba.

"Jiya na yi ta kiranka daga ƙofar kicin, har abincin ya huce. Ba komai a kunnenka lokacin."

Ta ajiye gawar a inda ta ɗauke ta. Sannan ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, wadda tun aurensu take hagunsa, ta zagaya da ita ta bayansa, ta ajiye a dama, ta zauna ta ci gaba da tsinkar zogale. Babu wanda ya yi sharhi a kan wannan canjin wurin aiki.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda a 'yan kwanakin nan sai an ƙara masa murya fiye da da, lamarin da ba a kafa kwamitin bincike a kansa ba tukuna. Ya bar gidansu na caji, mai ɗaki biyu, ɗaya a buɗe. Ya bar igiyar caji, wadda dama ba ta da cikakkiyar lafiya. Ya bar littafi a tsaye a tsakiyar shafi, garke ya gangaro rabin hanya ya tsaya. Ya kuma bar Malam Zulkifilu.

Ba za a yi masa salla ba, domin wannan haƙƙin 'yan Adam ne, kuma Malam ya san iyakar wasa. Za a naɗe shi a farin hankici, a sa shi a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsohon hatimi da alƙaluman da suka bushe. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo sabon iyafis. Su zauna ta dama, su fuskanci mai makoki, kuma idan suka ga ya yi murmushi a inda bai dace ba, su yi wa Allah su maimaita.

An tsayar da ranar Alhamis, bayan la'asar, a gidan Malam. Gawar za ta jira a kan tebur har zuwa lokacin, domin da safiyar ranar Hikima za ta kai mahaifinta asibiti wurin likitan kunne, inda ta riga ta yanki kati ba tare da neman izini ba. A can, an ce, ba a tambayar mutum wane gefe ya ga dama a gwada. Idan sakamakon ya fito yadda Malam ya rubuta, za a yi jana'iza kamar yadda aka tsara. Idan kuwa ya fito yadda Malama Bilkis take zato, rana da lokaci da wuri suna nan yadda suke, sunan mamacin kawai za a sauya.

Sanarwa daga Malam Zulkifilu Joda, a madadin wani ɓangare na iyali.