Kayan Wasan da Aka Hana Wasa

Kai ma ka gan shi, kada ka ce mini ba ka gani ba. Duk safiyar da ka kai yaronka ajin ƙanana sai ka wuce ta gaban kabad ɗin nan mai gilashi, cike da littattafai masu hotuna da tubalan roba, kowanne cikin ledarsa, ga ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ka leƙa, ka ce an ci gaba, ka ɗauke kai ka tafi nemanka. To wannan ɗauke kan naka yana shirin cin wata baiwar Allah.

Yau na raka ɗiyar yayata makaranta, na tarar da malamarsu tsaye a baranda kamar wadda aka kama da kayan sata. A gabanta Mai Girma Uban Makullai ne, babban jami'in da ke zagayen duba makarantu, ya ɗaga wani jan tubali da yatsu biyu.

"Malama, wannan shatin mene ne?"

"Haƙori ne, ranka ya daɗe."

"Haƙorin wa?"

"Na autan aji. Komai ya samu sai ya ɗanɗana."

"Kenan kin bai wa yara kayan yara?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce ta ba su.

Ga yadda aka zo nan. Bara wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta aiko da kayan, ta kuma ɗauki nauyin horar da malaman ƙanana kan yadda ake koyarwa ta hanyar wasa. Masu kyautar sun ce a yi amfani da su har su lalace. Amma ofishin su Mai Girma yana da tasa hikimar: abin da baƙo ya kawo, dole ya dawo ya same shi yadda ya bari, kada ya ce ba mu iya riƙo ba. Ranar da baƙi za su zo sai a wanke wa yara hannu, a miƙa musu littafi da ledarsa, a ɗauki hoto, a karɓe, a mayar da kwaɗo.

Kuskuren Malama shi ne ta je zangon farko na horon, ta saurara, ta kuma yarda. Da ta dawo ta karɓi makulli da sunan goge ƙura, ta yage leda. Ɗiyar yayata, wadda a da ba a jin muryarta, yanzu ba ta barinmu mu huta da labarin giwar da ke shafi na tsakiya.

Hukuncin da na ji da kunnena: za a cire Malama daga zango na biyu, wanda shi ne mai takardar shaida. Da na tambayi wa zai maye gurbinta, Mai Girma ya dafa ƙirji ya ce shi da kansa zai sadaukar ya je. Allah ya ƙara girma. Ina hango shi zaune a kan darduma da tumbinsa, yana tafi yana waƙar ƙirga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na dawo unguwa ina huci, na zazzage wa maƙwabcina tela. Ko ƙafarsa bai ɗaga daga kan keke ba.

"Ɗana, bokon nan ke ɗibarka. Kujerun falona tun aurena suke cikin leda. Ka ga sun tsufa?"

"Baba, ai a ƙasa kake zama."

"To? Kujeru dai suna nan."

Ka ji. Mai Girma ba daga sama ya faɗo ba, mu muka haife shi. Ƙuruciya kuwa ba kujera ba ce da za a naɗe a ajiye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su Mai Girma kuma suna jiran littafin ya girma tare da yaron, a ba shi ranar da zai ɗauki mata. Sauran malamai suna kallo: in Malama ta faɗi, ba wadda za ta sake taɓa makullin nan, ko ƙungiyoyin duniya duka sun taru sun yi mata lacca.

Jibi Mai Girma zai dawo ya rufe magana. Saboda haka gobe kada ka aiki kowa, ka kai yaronka da kanka. Ka tsaya gaban kabad ɗin ka ce a buɗe. Ka ɗauki littafin da ya rage cikin leda, ka yage ledar da hannunka, ka miƙa wa yaron, ka ce in an tambaya kai ne. Laifin mace ɗaya ake iya hukuntawa, na iyayen aji guda sai dai a yi masa suna sabon tsari. In kuma haƙoranka na da ƙwari, tubalan suna ƙasan kabad, hannun dama.